Yadda Muka Bi Gangar Barmo Muna Neman Ige

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha iska ba. A bakin lakol, makarantar da nake koyarwa, tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai shayi sai da ya riƙe mani kofi ya ce ba ya ba ni sai na faɗa mashi abin da ya ramar da ni haka. Wasunku ma sun baza cewa wai yawon kallon kokawa na tafi da tsohuwata, tun da ana yajin aiki ba a karatu. Allah ya shirye ku. To ga labarin nan na rubuta sau guda, duk wanda ya sake tare ni sai in miƙa mashi takarda in wuce.

Kun san ni ne ɗan fari wurin Inna, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kowa na ce mani Lawali, ita kuwa wurinta ni ne "kai" ko "wancan", da na fara koyarwa kuma na koma "Mushe", yadda ake kiran malamin lakol da bakin Faransanci. Ba mu hira. In tana son wani abu ƙanwata take aikowa. Shi ya sa ranar da muka dawo daga gidan likita ta kira ni ɗakinta da kanta, sai da gabana ya faɗi. Dama likitan ya ja ni gefe ya ce zuciyarta ta gaji, shi ke sa ƙafafunta kumbura, a lallaɓa ta, kada a bari ta wahala. Ba mu gaya mata ba, amma ta fi mu sani.

Tana kallon bango ta ce, "Mushe, ka kai ni wurin Ige. Akwai gafarar da zan nema wurinta, kuma ba ni ganin wata kakar."

Ige ƙawarta ce ta ƙuruciya. Ta bar Cadawa shekarar yunwar nan da muna yara, ba ta sake tako garin ba.

Na ce, "To Inna, a wane gari take?"

Ta ce, "Ba ta da gari."

Ashe Ige maguɗiya ce, tana bin ayarin wani makaɗin kokawa mai suna Barmo. Da an gama zuba hatsi a rumbu garuruwa su fara wasan kaka, su kuma su bi gari gari, shi yana kiɗa, ita tana rangaɗa guɗa in an yi kaye. Da an ga watan azumi sai a rataye ganga, ayari ya watse, Ige ta nutsa kudu, ba mai sake jin ɗuriyarta sai wata kakar. Na ƙirga a yatsa, ranar nan saura kwana goma sha takwas a ga wata.

Na tafi wurin Baba Wanzam na bakin kasuwa, wanda ya yi shekaru yana bin wasanni da zabirarsa. Ya ce, "Ai wannan ba wuya, Mushe. Wasa ba ya tsallake layi. Daga gabas ake farowa a gangaro yamma, kowane gari kashegarin kasuwarsa." Ya jero mani waɗanda suka rage: wani gari kudu da Gazawa, wani a tsallaken iyaka, sai Cadakori, a rufe da ita. Ni kuwa ɗan lakol, na samu kaye sabo, littafin rubutun 'yan makaranta, na ja layi da rula, gari a nan, rana a nan, har da wurin kwana. Na dubi shafin nan na ji daɗi a raina. Abin da muka manta ni da Baba Wanzam shi ne bana shekarar siyasa ce, mulkin riƙon ƙwarya na shirin miƙa ƙasa, parti ta fito ta ko'ina, kuma kowace parti makaɗi take nema.

Mota ta Sa'idu ce, ɗan kawuna, taubashina, mai tsohuwar bashen nan mai buɗaɗɗen baya da ke jigilar gujiya. Da na nuna mashi kayen sai ya juya shi sama ya juya ƙasa, ya ce, "Kai, aiki ya yi kyau! To ka aika wa Barmo nashi kwafin kuwa? Kada mu je yana bin nashi layin daban." Na ce ya tuƙa mota ya bar ilimi ga masu shi. Inna ta shiga gaba, ni na haye baya da tabarma da buta da ƙwaryar fura.

Mun wuce Agiye da hantsi. Ban taɓa ganin garin haka ba: kowace bishiya da tutarta, motoci da lasifika suna gilma wa juna, kowa na cewa shi ne mai gyara ƙasa. Ba mu kai Gazawa ba taya ta fashe. Sa'idu ya gangara da ita neman mai faci, ya bar ni da Inna a gindin wani gawo. Can sai ta fara, ba ta dube ni ba.

"Shekarar yunwa ubanka ya tafi kudu neman abinci. Ina da hatsi tiya huɗu a tulu, na binne ƙarƙashin gado. Kai kuma kana kwance, haƙarƙari duk a waje. Ige ta shigo tana jan hannun Ilu ɗanta, wanda aka haife ku sati guda. Ta ce, Haɓsu, ko cikin tafi guda ne. Na dubi wancan a kwance, na ce mata wallahi babu. Na rantse, Mushe. Kwana shida Ilu ya rasu. Ranar sadakar uku ta bar garin."

Na tuna Ilu, tare muke harbin ƙadangaru. Na tuna kunun ma. Na tuna ana rufe ƙofa in sha, a ce in kurkure baki kafin in fita. Shekara da shekaru ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Sai na ɗauki buta na yi kamar zan zaga.

Garin farko ba zan faɗi sunansa ba, don sun karɓe mu hannu biyu. Bisa kayena kashegari ne wasa, amma tun daga bakin gari na ga alamar ba lafiya. Ba rumfa, ba masu tuya, filin kokawa awaki ne ke kiwo a ciki. Mai gari ya ce, "Assha! Ai an yi tun ran Lahadi. 'Yan parti suka zo suka ce babbansu zai biyo ta nan, a haɗa wasa da mitin don a samu jama'a. Suka kawo sa, suka kawo shinkafa. Yo wa zai ce a'a?"

Na ce, "Da wata maguɗiya cikinsu, Ige?"

"Doguwar nan? Ai har yanzu kunnena na ƙara. Sun tsallaka Ingilishi, gata ake wasa can."

Haka tsofaffinmu ke ce wa Najeriya, kun sani. Aka kai Inna cikin gida wurin mata, mu aka shimfiɗa mana a zaure, aka kawo tuwon hatsi miyar kuka da kwaɗon zogale mai ƙuli da yawa. Sa'idu ya ci har ya kwance tazuge, ni loma uku na yi na tsame hannu. Da safe na fita alwala na bar kaye a kan tabarma, na dawo na iske akuyar mai gari ta cinye rabin shafin, daga Cadakori zuwa ƙasa. Sa'idu ya ce in yi haƙuri, ita kaɗai ce ta amfana da shi zuwa yanzu.

Iyaka dai igiya ce aka gitta a hanya, da rumfar kara nan, wata can. Jandarman wajenmu ya leƙo ya nemi takardu. Inna ba ta da katin ɗan ƙasa, sai ta kwance bakin zane ta zaro katin zaɓe sabo fil ta miƙa mashi da hannu biyu. Ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da lafiya. A ɗaya rumfar ce muka kusa kwana. Ma'aikacin da ya tare mu mutumin kudu ne can, Hausarsa tsinta-tsinta. Ya nuna ni ya tambayi Inna, "Mama, wannan wane ne?"

Ta ce, "Yaron gidanmu ne."

"Ɗanki ne? Yaya sunansa?"

Inna ta kau da kai. Ya sake tambaya, ta ce, "Ku tambaye shi mana, ba shi da baki?" Mutumin nan ya haɗe fuska, ya ce mu sauko duka, wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba. Na yi bayani da Hausa, na yi da Faransanci, ba wanda ya shige shi. Ina ganin rana na tafiya, tsohuwa na tsaye a kan kumburarrun ƙafafu. Allah ya kawo wani abokin aikinsa Bakatsine, ya ji abin da ake ciki ya tuntsire da dariya, ya ce, "Ɗan fari ne! Ko ka sa mata bindiga ba ta faɗi." Ya sassauta igiya da kansa, ya ce mu gaida gida.

Daga wannan yankin kakanninmu suka taso, har muka samu wani dattijo da ya san sunan kakan Inna, ya sauke mu gidansa. Mutane ne kamar mu, magana guda, tsaga guda, amma su ce mana 'yan Faranshi, ni kuma na tashi daga Mushe na koma Ticha. Da safe shayi da burodi mai zaƙi kamar alewa, da rana garin rogo da mai da yaji. Inna ta taɓa ta ajiye, ta tambaya a hankali ko garin ba su daka fura. Dattijon ya ce su ma zaɓe suke jira, amma su parti biyu rak gwamnati ta yanka masu, mu kuwa ya ji namu ba su ƙirguwa. Wasansu ma daban: mu kokawa ce gaba, su dambe, kuma matansu ba su fitowa fili kamar namu, ta saman darni suke leƙe.

Wannan karon ranar ta yi daidai. An yi wasa ranar da Baba Wanzam ya ce, sai dai ba Barmo. Ya iso, ya kwana guda, sai ga mota mai lasifika daga wajenmu ta kwashe shi da ayarinsa kaf ta yi yamma da su, wai wata parti ta ɗauke shi har a yi zaɓe. Makaɗan garin ne suka riƙe fili. Duk da haka ban yarda ba, na sa Sa'idu ya matso da mota bakin taro. Duk macen da ta yi guɗa sai in dubi Inna, ita kuma ta girgiza kai. Har aka watse ba ta ce komai ba sai, "Ba ita ba ce."

Kashegari ta kasa tashi. Ƙafafun sun yi suntum, numfashi sama sama, in ta kwanta sai ta ce a tada ta zaune. Kwana uku muka yi gidan dattijon nan. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, kuma kun san ni, in na tsorata faɗa nake yi. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Inna, ya isa haka! Mu koma gida. Gafara ce, in rubuta takarda, ko in kai sanarwa gidan rediyo, duk inda take ta ji. So kike ki faɗi a hanya a ce ni na kashe ki?"

Tun da nake ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Da bakina na rantse mata, da bakina zan warware. In ka gaji ka sa ni motar haya ka koma wurin 'yan lakol ɗinka."

Na fita bayan gida na zauna kan turmi. In na ci gaba da ita tana iya mutuwa a hanya, in na maida ta gida ta mutu da abin nan a wuyanta, kuma hatsin cikina ya shiga. Sa'idu ya zo ya tsaya kaina, wannan karon ba tsokana, ya ce, "Tashi mu ɗaura kaya. Gwaggo ba ta komawa, kai ma ka sani." Saura kwana goma sha ɗaya.

Hanyar yamma ta tsakiyar Cadawa ta bi. Da muka doso gari Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce kada Sa'idu ya kuskura ya tsaya, in ƙanwata ta gan ta a haka ba ta bari ta wuce. Haka na wuce ƙofar gidana ina kwance a bayan mota kamar ɓarawo. A Maraɗi muka ga wani likita, ya ba da ƙwayoyin da ke sauke kumburi, ya yi mani faɗa son ransa, na haɗiye. Muka kwana biyu can don ta huta, sannan muka bi ta Tibiri muka shiga Cadakori.

Can kuma sai muka yi sammako da yawa. Ba a yi wasa ba, ba kuma wanda ya san ranar yi. Sa'idu ya sauke mu gidan wata mai tuwon kasuwa da ya sani, Gwaggo Tsahara, Bagobira mai tsage har kunne, murya kamar ta namiji. Ta ce, "Wasa? Sau biyu anka ɗaga shi, ɗana. Makaɗa sun bi masu tuta. Ga 'yan kokawa can sun taru tun wancan sati, ba kaye ba komi, sun cinye muna gari." Gaskiyarta kuwa. Ƙarti ne zube a gindin bishiyoyi, damatsa cike da layu, ba abin da suke kayarwa sai ƙwaryar fura.

Gobirawa akwai karamci, amma ba su iya lallashi ba. A wajenmu in baƙo ya ce ya ƙoshi sai a ƙyale shi, can kuwa Gwaggo Tsahara tsayawa take kanka da ludayi har sai ta ga gindin ƙwarya. Furarsu yaji kamar za ya tsaga harshe, safe fura, rana fura. Amma ita ce ta riƙa gasa wa Inna ƙafafu da ruwan ɗumi, ta hana a sa mata gishiri a miya, Allah ya saka mata.

Ni kuwa na zama ɗan zarya. Kowace majalisa na je da ranar da za a ba ni, gwargwadon partin masu zaman. Waɗannan su ce jibi babbansu zai kawo Barmo, waɗancan su ce ƙarya ne, Barmo nasu ne, sai ran Laraba. Wani ya ce ya gan shi Gidan Rumji, wani ya rantse yana Dakwaro. Kullum da asuba in na fito alwala sai in ɗaga kai in ga wata ya ƙara sirancewa. Kwana biyar muka yi a haka. Inna ta daina tambayata, in na shigo fuskata kawai take kallo ta maida kai.

Ran na biyar Gwaggo Tsahara ta gaji da ganina, ta ce, "Kai Mushe, karatun nan naka bai yi maka rana ba. Kana ta bin maza, maza mi sunka sani? Wadda za ta soya masa ta ciyar da taro ita ka sanin rana, don in ta yi kuskure ƙullunta ka lalacewa. Gobe kasuwa. Tahi wurin masu man gujiya ka tsaya, ka ga matan wane gari ka saye da tulu ba da kwalba ba."

Na ji kunya, amma na tafi. Na tsaya wurin masu mai tun hantsi kamar mai gadi. Matan Cadakori kwalba kwalba suke saye. Wajen azahar sai ga wasu mata su shida da amalanke, suka cika tuluna, suka sayi tanda sabbi da lalle da kanwa. Na gaida babbarsu na tambaye ta ko biki gare su. Ta ce daga wani ƙauye suke gabas, wajen Sae Sabuwa, jibi wasansu.

"Wa ke maku kiɗa?"

"Barmo mana. Tun kaka ya amshi goron mai garinmu, ya ce ko ana ha maza ha mata sai ya zo. Masu tuta sun sake shi wuni guda."

Garin nan ko cikin kayena babu shi, Baba Wanzam bai taɓa ambatonsa ba. Sa'idu ya ce, "In muka tashi, Barmo ya diro nan bayanmu fa? Mutum ashirin sun ce nan zai zo, mace guda ta ce can." Saura kwana uku a ga wata, duk wanda na zaɓa shi ke nan, babu na biyu. Na kwana ina juyi. Da safe na tuna tulunan man nan, na ce ba macen da za ta zuba dukiyarta a mai saboda jita-jita. Na ce mu tafi.

Ranar wasan muka tashi da sassafe. Hanyar yashi ce zalla. Bashe ta yi ta gurnani har ta nutse zuwa ciki a wani kwari, muka tona, muka sa kara, muka tura, ta ƙara nutsewa. Rana ta take tsaka, ta fara karkata, ni ina kallon inuwa ina jin kamar in yi ihu. Sai ga wani magidanci da amalanken jaki zai je wasan. Ban ma gama roƙonsa ba ya sauke buhunan da ya ɗauko ya bar wa Sa'idu tsaro, muka shimfiɗa Inna a kai. Na bi su a ƙasa ina riƙe mata mayafi don rana. Idonta rufe, leɓunanta sun bushe, sau biyu ina kara kunne in ji ko tana numfashi.

La'asar ta yi sanyi muka fara jin ganga. Ban yarda na sa rai ba, an sha ba ni kunya. Muna shiga bakin gari aka yi kaye, fili ya ɗauki sowa, sai wata guɗa ta taso ta bi ta saman sowar nan, doguwa, siririya, ta ƙi ƙarewa. Inna ta buɗe ido ta dafa ƙarfen amalanke ta tashi zaune.

Ta ce, "Ita ce."

Na samu Ige bayan fili, zaune kan turmi tana shan ruwa, doguwar mace busasshiya, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙura mani ido, ta ce, "Wannan fuskar ta Cadawa ce. Lawali ne?" Na ce ni ne. Sai ta hango amalanke. Ta ajiye moɗa a hankali, ba ta tashi ba.

Na je in kama Inna, ta ture hannuna. Da kanta ta sauko, ta tako da ƙafafun nan, ta zube gwiwa biyu a yashi gaban Ige.

"Ige, akwai hatsi. Tiya huɗu, ƙarƙashin gado. Na rantse maki a kan ƙarya. Na zo ki yafe mani."

Ige ta ce, "Na sani, Haɓsu. Kashegari yaron nan ya zo kiran Ilu wasa, na ji ƙanshin kunu a bakinsa."

Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Mata sun fara taruwa, wata ta ce, "Haba Ige, ki yafe mata mana, dubi halin da take ciki, ga azumi ya zo." Ige ta daka mata tsawa ta ce su ba ta wuri, ba da su aka yi ba. Sannan ta juyo kaina.

"Tashi tsaye in gan ka. Mi kake yi?"

"Koyarwa, Inna."

"Da iyali?"

"'Ya'ya biyu."

Ta dube ni daga hula har takalmi, ta daɗe. Ta ce, "Da yanzu Ilu ya kai haka." Ganga na ta tashi bayanmu. "Ban sake haihuwa ba. Ba ni da wa, ba ni da ƙane. Abin da ke hana ni barci guda ne, in faɗi a garin da ba a san ni ba, baƙi su tura ni rami su kakkaɓe hannu. Haɓsu, hatsin da kika hana ni ga shi nan tsaye. Shi nike so. Ranar da na mutu, shi zai shiga kabarina ya karɓe ni ya gyara mani kwanciya."

Inna ta ce, "Na ba ki."

"Ba ke za ki amsa ba."

Suka zuba mani ido su biyu. Na ce, "Na ɗauka."

"Ko ina ne?"

"Ko ina ne, in Allah ya bar ni da rai."

Sai ta tashi ta kama Inna ta kafaɗu ta ɗaga ta. Ta ce, "Tashi, Haɓsu, yashin nan da zafi. Na yafe maki duniya da lahira." Inna ta kifa kai a ƙirjinta, suka yi ta kuka, ni ma na juya baya na yi nawa.

Kwana biyu suka yi ɗaki guda, har aka ga wata. Na roƙi Ige ta biyo mu Cadawa, na ce akwai ɗaki, akwai abinci. Ta ce ita ba ta iya zama wuri guda ba, kuma garin nan ba ta sake kwana cikinsa. Na ce to ta faɗa mani inda za ta yi azumi. Ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna, amma kada in damu, ta faɗa wa Barmo da yaransa sunana da sunan lakol ɗinmu, in ta faru za a aiko. Da safe ta ɗaura ƙunshinta ta bi wata motar kudu.

Inna na gida. Ƙafafun ba su saɓe duka ba, amma tana cin abinci, tana barci har a tashe ta sahur. An janye yajin aiki, mun koma aji. Sai dai yanzu duk baƙon da ya yi sallama a ƙofar lakol, sai na ajiye alli na dafa tebur kafin in iya amsa mashi.